Dutsen Siminti, Gawayin Ɓuntu ko Ziyolait: Wanne Ya Dace da Kama Iskar Kabon a Ƙauyukan Kano da Jigawa?

A duk buhun shanshera mai kilo 100 da ya shiga injin casa, kusan kilo 20 ɓuntu ne. Shi ya sa bayan injinan Kura, Bunkure, Garun Malam da Auyo ba ya rabuwa da tsibi. Masu turara shinkafa su ɗiba su hura wuta, masu kaji su ɗiba su yi shimfiɗa, saura a banka masa wuta ya kwana yana hayaƙi. Wannan ɓuntun, idan aka gasa shi cikin tururi ba tare da an bar iska ta wadace shi ba, yana ba da gas mai ɗauke da haidirojin, wata iska marar nauyi mai kamawa da wuta. Kashin shanu ma idan ya ruɓe a rufaffen rami, gas ɗin da yake fitarwa ana iya sarrafa shi ya koma haidirojin. Ga kuma bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Kowacce aka bi cikin hanyoyin nan uku, haidirojin ba ya fitowa shi kaɗai. Tare da iskar kabon, wato CO2, yake fitowa, kuma dole a raba su.

Manomi zai ce mene ne ruwansa da haidirojin. Ruwansa taki ne. Da haidirojin ake yin amoniya, da amoniya ake yin yuriyar da yake zuba wa shinkafa da masara. Abin da masana'antar takin Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022 take yi ke nan, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara, haka ma ta Indorama a Eleme. A shekarar 2022 duniya ta ci kimanin tan miliyan 95 na haidirojin, mafi yawansa daga gas da kwal, kuma duk kilo ɗaya da aka samo daga gas yana barin kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon.

Manyan masana'antu sun daɗe da hanyarsu: suna wanke gas ɗin da ruwan sinadarin amain a cikin dogayen hasumiyoyi. Da shi tashar Quest ta Albata a Kanada take kama kusan tan miliyan ɗaya a shekara tun 2015. Yana aiki, babu musu. Amma ruwa ne mai cin ƙarfe, yana son tururi mai yawa kafin ya saki abin da ya kama, kuma ana sayo shi da dala. Wanda zai kafa ƙaramin injin gwaji a gefen gari, ko ɗalibin da ke zaɓen aikin bincike a jami'ar Wudil, Dutse, Kafin Hausa ko Bayero, abin da ke gabansa busassun abubuwa ne masu tsotse kabon, matsotsa: dutse, gawayi, ƙwayoyin yumɓu da ire-irensu. A kansu zan tsaya.

Abu na farko da ke jan idon mai zaɓe shi ne adadin kabon da kilo ɗaya na matsotsi zai riƙe. Wannan adadin shi ake bugawa a saman takardar bincike, kuma shi ne mafi yaudara. A ganina abubuwa uku sun riga shi: a wane zafi gas ɗin yake a wurin da kake son kamawa, akwai danshi a cikinsa ko babu, kuma da wace wuta za ka tilasta wa matsotsin ya saki kabon ɗin don ya koma aiki. Matsotsin da ya yi fice a digiri 25 ba shi da amfanin komai a digiri 650, kuma na digiri 650 idan ka sa shi a sanyi kwanciya zai yi.

Wurare uku ake kamawa. Akwai cikin tukunyar farko, inda gas ko ɓuntu ke haɗuwa da tururi a zafin da ya haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyos. Akwai tukunya ta biyu, wajen digiri 400, inda ake sake haɗa kabon monoksaid, wata iska mai guba da ke fitowa daga tukunyar farko, da tururi don ƙara haidirojin. Sai ƙarshen layi, bayan gas ya huce ya sauko wajen digiri 40. Kowane wuri da nasa gwanaye.

Dutsen siminti, a cikin wuta

Dutsen da ake yin siminti da shi, irin na Kalambaina a Sakkwato, Ashaka a Gombe da Obajana a Kogi, idan aka gasa kilo 100 nasa a digiri 900 zai saki kilo 44 na iskar kabon, ya bar kilo 56 na farin laim. Wanda ya taɓa riƙe ɓarɓashin da aka gasa ya san bambancin: dutsen da ya shiga da nauyi yana fitowa sakayau, fari fat, yana marmashewa tsakanin yatsu. Ka ɗiga masa ruwa ya yi tsuwa, ya kumbura, ya fashe yana tururi, zafinsa ya isa ya ƙona fata. Wannan laim ɗin yunwar kabon ɗin da ya rasa yake ji. Idan ya haɗu da shi a digiri 600 zuwa 700, sai ya kama ya koma dutse. A lissafi, kilo ɗaya na laim yana iya riƙe giram 786 na iskar kabon.

Amma ba yawan riƙon ne ya sa na fifita shi ba. Abin da yake yi wa aikin gaba ɗaya ne. Haɗa gas da tururi don fitar da haidirojin yana shan zafi, shi ya sa masana'antu ke hura tanderu har digiri 850 ko fiye. Shi kuwa laim idan yana kama kabon zafi yake fitarwa, kuma zafin da yake fitarwa ya kusa daidai da wanda ake buƙata. Idan aka zuba shi cikin tukunya ɗaya da ƙarfen nikel da ke hanzarta haɗuwar, aikin zai iya tafiya a digiri 600 zuwa 650, kusan yana ciyar da kansa. Ƙari a kan haka, da yake ana ɗauke kabon da zarar ya samu, haɗuwar ba ta tsayawa a rabin hanya. Haidirojin da ke fitowa yakan kai kashi 95 cikin 100 ko fiye tun daga tukunyar farko, alhali a hanyar da aka saba wajen kashi 75 ake samu kafin a tace. Ga mai ɓuntu akwai wata garaɓasa: babbar matsalar gasa ɓuntu ita ce kwalta, baƙin danƙon da ke toshe bututu da tukwane, kuma gasasshen laim da ɗan'uwansa dolomait suna taimakawa wajen farfasa ta. An gwada irin wannan da itace a tashar garin Gusin ta ƙasar Ostiriya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Laim yana gajiya, kuma da wuri. Sabuwar randa tana tsatsafar ruwa ta ƙananan ƙofofin jikinta, shi ya sa ruwanta ke sanyi. Idan ta tsufa ƙofofin sun toshe, sai ta daina. Haka laim yake. Duk lokacin da aka mayar da shi wutar digiri 900 don ya saki kabon, ƙwayoyinsa suna mannewa da juna, ƙofofin da iska ke shiga suna rufewa. A zagayen farko yakan kama kashi 70 ko 80 na abin da lissafi ya ce. Bayan zagaye 20 da ƙyar yake kai kashi 20. Idan aka ci gaba zuwa ɗaruruwan zagaye, yakan tsaya wajen kashi 7 zuwa 8. Wato giram 786 ɗin nan da ake yayatawa ya dawo wajen giram sittin. Duk wanda ya kawo maka sakamakon zagayen farko kaɗai, bai gaya maka komai ba.

Akwai magunguna. Idan aka ratsa gajiyayyen laim da tururi, yakan kumbura ya buɗe sababbin ƙofofi, sai dai ya ƙara laushi ya riƙa zama ƙura. Dolomait, wanda ke da magnisiyam a ciki, bai kai laim riƙo a farko ba, amma ya fi shi jimiri, domin magnisiyam ɗin ba ya shiga aikin, yana tsaye ne yana hana ƙwayoyin haɗewa. Wasu suna haɗa laim da sinadarin alminiyam don samun irin wannan tokarar. Mafi sauƙi kuma shi ne a riƙa cire kaɗan daga tsohon ana zuba sabo. Dutsen ba shi da tsada, kuɗin mota daga Sakkwato ko Gombe ne zai fi cin aljihu. Sai dai a tuna, duk sabon kilo 100 da aka zuba yana zuwa da kilo 44 na nasa kabon, wanda shi ma sai an kama.

Babban kuɗin yana wajen wutar digiri 900. Sakin kilo ɗaya na kabon daga dutse yana cin wajen megajul 4 na zafi. Idan kuma ana son kabon ɗin ya fito tsantsa ba gauraye da iskar gari ba, to ko dai a hura wutar da tsantsar oksijin, ko a gasa tukunyar daga waje. Duka biyun aiki ne ja. Tashar gwaji ta La Pereda a Sifaniya, mai ƙarfin megawat 1.7 na zafi, da oksijin take yi. A ƙauye hanyar gasawa daga waje ce ta fi kusa, kuma a nan ne yawan ɓuntu yake rana: wani kaso ya zama gas, wani ya zama makamashi. Abin da zan ja kunne a kai shi ne tokar ɓuntu, wadda kusan dukkanta silika ce, wato sinadarin yashi. A babban zafi silika tana iya haɗuwa da laim ta kashe shi, don haka sai an tsara yadda tokar za ta riƙa fita. Farar wuta ma abokiyar gabarsa ce, abin da ta kama na laim ba ya dawowa da sauƙi. Mai aiki da gas ɗin kashin shanu, wanda ke da warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai ya fara cire wannan warin tukuna.

Sannan ajiya. Gasasshen laim da aka bari a buhu cikin watan Agusta zai sha laimar iska ya lalace kafin a kai ga amfani da shi. Ɗanyen dutse ake ajiyewa, a gasa idan za a yi aiki, kuma mai ɗibansa ya sa tabarau da safar hannu.

Gawayi da ziyolait, bayan gas ya huce

Gawayi da ziyolait, wani ma'adini mai ƙananan ramuka a jikinsa, ba sa haɗuwa da kabon su zama wani abu dabam kamar yadda laim ke yi. Manne musu kawai yake yi a bangon ramukansu idan an matsa gas ɗin, ya saku idan an sassauta matsin. Shi ya sa ba sa buƙatar tanderu. Abin da suke so kwamfuresa ne, da tukwane biyu ko fiye suna karɓa-karɓa, wannan yana kamawa wancan yana saki, cikin 'yan mintoci. Da wannan dabarar matatun mai ke samun haidirojin mai tsarkin kashi 99.9 ko fiye. A Port Arthur ta jihar Tekzas a Amurka, kamfanin Air Products yana kama kusan tan miliyan ɗaya na kabon a shekara daga injinan haidirojin biyu tun 2013, da busasshen matsotsi da famfon zuƙe iska. Ke nan hanyar ta wuce matakin gwaji.

A takarda ziyolait ne ke gaba. Nau'in da ake kira 13X yana riƙe wajen giram 200 a kowane kilo a digiri 25 da matsin iskar gari, gawayi kuwa wajen rabin haka. Ziyolait yana kuma tsinto kabon ko da kaɗan ne a cikin gas. Kuma ba baƙon ƙasar nan ba ne gaba ɗaya, domin ana haɗa shi daga farar ƙasa ta kawolin, irin ta Kankara a Katsina da Alkaleri a Bauchi, kuma masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi aiki a kan ta Kankara.

Matsalarsa ruwa. Ka zuba busassun ƙwayoyin ziyolait a tafin hannu, 'yan kanana masu launin toka-toka kamar tsakin gero, ka ɗiga musu ruwa, nan take za ka ji zafin da zai sa ka zubar. Wannan zafin alama ce ta irin son da yake yi wa ruwa, son da ya fi wanda yake yi wa kabon. Da zarar danshi ya shiga, ya mamaye gurbin, kuma sassauta matsi ba ya fitar da shi, sai an gasa ƙwayoyin a digiri 250 zuwa 300. Wani zai ce ai hunturunmu busasshe ne. Ba daga sama danshin yake zuwa ba, gas ɗin kansa da tururi aka yi shi, jiƙe yake fitowa ko a watan Janairu. Dole a sa na'urar busarwa a gabansa, kuma ranar da ta lalace ba a lura ba, an yi asarar tukunya guda. Ga zafin gari: a Afrilu da Mayu, lokacin da Haɗeja da Gumel ke haura digiri 40, duk matsotsin da ke aiki ta mannewa riƙonsa yana raguwa. Adadin da aka auna a ɗakin gwaji mai na'urar sanyaya iska ba shi za a gani a ƙarƙashin rufin kwano ba.

Gawayin da ake nufi ba na gasa masara ba ne. Wanda aka sake gasawa ne a digiri 700 zuwa 900 da tururi ko da sinadarin fotasiyam, har cikinsa ya zama ramuka zalla. Bai damu da danshi sosai ba. Riƙon da yake yi wa kabon sako-sako ne, kusan rabin ƙarfin na ziyolait, don haka yana saki da sauƙi, ba lallai sai da famfon zuƙe iska mai cin wuta ba. Kuma idan matsi ya yi sama, ninki 20 ko 30 na iskar gari, kamar yadda gas ɗin haidirojin yake fitowa a masana'antu, gawayi mai kyau yana kamo ziyolait har ya wuce shi. A inda wutar lantarki take ɗaukewa, kuma janareta ke shan dizal, matsotsin da ke saki cikin sauƙi ya fi wanda ke kamawa da yawa ya ƙi saki.

Daga me za a yi shi? Nan ne nake saɓawa da masu cewa tunda ɓuntu ya yi yawa a yi gawayin da shi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɓuntu toka ce, kuma sai an wanke silikar da ruwan soda mai ƙuna kafin a samu gawayi na kirki, ga shi yana fitowa gari-gari, sai an dunƙule shi. Ƙwallon goruba ya fi shi tauri nesa ba kusa ba, kuma abu mai tauri shi ke ba da ƙwayoyin da za su jure matsi da sassautawa dubban sau ba su zama ƙura ba. Wannan ne dalilin da ya sa gawayin ɓawon kwakwa ya yi suna a kasuwar duniya. Ɓawon gyaɗa yana tsakiya. Ni dai da zan zaɓa, ɓuntu ya tafi wuta, goruba ta tafi tukunyar tacewa. Silikar da aka wanke daga tokar ɓuntu kuwa kada a zubar, domin da ita ake iya haɗa ziyolait ɗin kansa.

Rauninsa shi ne ba ya bambancewa sosai. Yana kama kabon, yana kama mitan, wato iskar da ke ci da wuta a gas ɗin bututu da na kashin shanu, don haka abin da yake saki gauraye ne, ba kabon tsantsa ba. Masana'antu ba sa wahalar da kansu da zaɓen ɗaya: a tukunya guda suke jera su hawa-hawa, alumina, wato ƙwayoyin sinadarin alminiyam, a ƙasa ta sha ruwa, gawayi a tsakiya ya ɗauke kabon da mitan, ziyolait a sama ya tsince kabon monoksaid da naitirojin. Wanda ke da kuɗin abu ɗaya kawai ya ɗauki gawayi. Wanda ke son haidirojin mai tsarkin da za a yi amoniya da shi ba shi da makawa sai ya ɗora ziyolait a sama, saboda ɗan kabon monoksaid kaɗan yana kashe ƙarfen da ke haɗa amoniya.

Na tsakiya da na ɗakin gwaji

A digiri 400 akwai haidirotalsait, wani nau'in yumɓu na magnisiyam da alminiyam da ake ƙara wa fotasiyam. Riƙonsa kaɗan ne, giram 20 zuwa 40 a kilo, amma yana yin dubban zagaye bai gaji ba, tururi ba ya damunsa, yana ma kama warin farar wuta tare. Masu bincike a Holan sun daɗe a kansa, kuma an gwada shi a garin Luliya na Siwidin da gas ɗin masana'antar ƙarfe. Abu ne mai kyau, ga wanda ke da tukwane masu jure matsi da zafi a lokaci guda, da tukunyar tururi mai aiki dare da rana, da tataccen ruwa. Ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri zai cika tukunyar tururin da dattin da zai kashe ta. Wannan na ranar da gas ɗin AKK ya iso aka gina babbar masana'anta ne, ba na bayan injin casa ba.

Gishirin litiyam yana yin aikin laim a kusan zafi ɗaya. Masu bincike na kamfanin Toshiba a Japan ne suka fito da wanda ke da zakoniyam a 1998, daga baya aka koma kan na silika, mai riƙe giram 367 a kilo a lissafi. Yana saki wajen digiri 700 zuwa 750 maimakon 900, kuma ba ya gajiya irin ta laim. Amma yana da nawa wajen kamawa idan kabon ya yi ƙaranci a gas, kuma farashinsa na bin kasuwar batirin mota: a ƙarshen 2022 tan ɗaya na gishirin litiyam ya kai wajen dala 80,000, kafin ya faɗo ƙasa warwas cikin shekara biyu. Ana haƙo dutsen litiyam a Nasarawa, gaskiya ne, amma tsakanin dutsen da tataccen gishirin akwai tafiya mai nisa. Ga ɗalibi, haɗa giram kaɗan da silikar ɓuntu bincike ne mai ma'ana. Ga mai kafa inji, a'a.

Haka hukuncin yake a kan MOF, waɗannan ƙirarrun sinadarai masu siffar raga, waɗanda suka jawo wa Susumu Kitagawa, Richard Robson da Omar Yaghi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2025.  Giram ɗaya na wasu daga cikin sinadaran yana da faɗin ciki na dubban murabba'in mita. Da yawansu danshi yana rusa su, kodayake akwai CALF-20 da aka ƙirƙiro a Jami'ar Kalgari ta Kanada, wanda ke jure laima har an gwada shi a hayaƙin masana'antar siminti. Sayen shi da kilo-kilo a yau ba na mai ƙaramin jari ba ne.

Kanwa fa? Ana yawan kawo ta idan hira ta zo nan, kuma ba shirme ba ne. Sinadarin da ke cikinta yana kama kabon a digiri 60 zuwa 80 idan akwai danshi, ya saki idan an ɗumama shi sama da digiri 120. Da ɗan'uwansa na fotasiyam, narke a ruwan zafi, masana'antun amoniya suka yi ta wanke gas tun shekarun 1950. Sai dai kanwar kasuwa cike take da yashi da gishiri, wani ɓangarenta ya riga ya ƙoshi da kabon tun daga ƙasa, tana da nawa, kuma tana dunƙulewa ta toshe hanya. Ta cancanci a yi bincike a kanta, ba ta kai a dogara da ita ba.

Idan aka tattara, mai son fitar da haidirojin daga ɓuntu ya ɗauki dutsen siminti ko dolomait a tukunyar farko, ya bi da gawayin goruba a ƙarshe. Mai gas ɗin kashin shanu ya fara da gawayi, domin kashi 35 zuwa 45 na gas ɗinsa kabon ne tun kafin a zo maganar haidirojin, kuma cire wannan kaɗai yana ƙara wa wutar girkinsa ƙarfi. Ziyolait sai inda aka tabbatar da na'urar busarwa da mai kula da ita.

Saura tambayar da ta fi dukkansu nauyi, wadda ya kamata a amsa kafin a sayi ko ƙusa ɗaya: kabon ɗin da aka kama, ina za shi? A Quest ana tura shi cikin wani dutsen yashi mai ruwan gishiri, kusan kilomita 2 a ƙarƙashin ƙasa. Na Port Arthur rijiyoyin mai ake kai wa. Ƙasar Kano mafi yawanta a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, irin wanda ya leƙo a Rano da Dutse, kuma irin wannan ba shi da ramukan da za su karɓi iska. Abin da ke hannu shi ne sayarwa: masu lemon kwalba, masu walda, masu cika tukunyar kashe gobara. Masu lemo ba sa karɓa sai ya kai tsarkin kashi 99.9, abin da gawayi kaɗai ba zai bayar ba. Yuriya tana cin kilo 730 na kabon a kowane tan, amma da an zuba ta a gona kabon ɗin sama yake komawa. Sauƙin mai ɓuntu shi ne nasa kabon shinkafa ce ta zuƙo shi daga iska a daminar bara, don haka ko ya sake shi bai ƙaro sabo ba. Mai gas ɗin bututu ba shi da wannan uzurin.

A nan ma dutsen siminti ya sha gaba, domin gajiyayyen laim ba shara ba ne. Masana'antar siminti za ta iya karɓarsa a madadin ɗanyen dutse. Gonar da yawan yuriya ya sa ƙasarta tsami tana amfana da shi, kuma gyaɗa tana son kalsiyam lokacin zuba 'ya'ya, rashinsa ne ke kawo kwanso ba ƙwaya. Amma kada a zuba sai an auna ƙasar, musamman a filayen noman rani da gishiri ya fara hawa, inda laim zai iya ƙara ɓata lamarin.

Ga ɗalibin da zai gwada, awon da ke da amfani ba shi da wuya. A auna nauyin matsotsi kafin gas ya ratsa shi da bayan ya ratsa, a maimaita aƙalla zagaye 30, a yi da jiƙaƙƙen gas ba busasshe na kwalba ba, a kuma tankaɗe ƙwayoyin a ƙarshe a auna ƙurar da ta zube. A rubuta gawayi ko dizal nawa aka ƙona a kowane zagaye. Kuma a yi aikin a rumfar da iska ke ratsawa, da na'urar gano kabon monoksaid rataye a kusa, domin gas ɗin ɓuntu yana ɗauke da gubar nan ta hayaƙin janareta da yawa, kuma ba ta da launi balle wari.